Sunan Kamfani Bai Isa Shaida Ba A Kasuwar Kayan Kafinta

Duk wanda ya saba shiga kasuwannin katako da na kayan gini na ƙasar nan, ko Dei-Dei da Kugbo a Abuja, ko Mushin a Legas, ko 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano, ya san yadda ciniki kan gudana idan kafinta ya fito sayen kayan aiki. Tun kafin ya taɓa zarto ko injin huda, abin da yake fara tambaya shi ne sunan kamfani. Wani Stanley ya sani, a kansa kuma zai tsaya. Wani ba ya sauraron kowa in ba an ce masa Makita ko Bosch ba. Sau da yawa dalilin bai wuce cewa da irinsa maigidansa ya koya masa aiki ba. Wannan riƙo da suna yana da tushe mai ƙarfi, amma a yanayin kasuwar yau ya zama wata kafa ta asarar jari, kuma lokaci ya yi da masu sana'ar da masu zuba kuɗi a cikinta za su sake lissafi.

Tushen abin sananne ne ga masana tattalin arziki. Mai sayen injin goge katako ba ya iya ganin ingancin wayar da aka naɗe cikinsa da ita, haka nan ba ya iya sanin taurin ƙarfen zarto ta hanyar kallo. Cinikin biri a sama yake yi, sai ya kai shago ya yi wata da watanni yana aiki sa'an nan gaskiya ta bayyana. A shekarar 1970 wani masani ɗan Amurka, George Akerlof, ya yi bayanin cewa a kasuwar da mai sayarwa ya fi mai saye sanin kaya, mugun kaya yakan kori na kirki, domin mai saye ba zai yarda ya biya kuɗin nagari a kan abin da ba shi da tabbacinsa ba. Wannan nazari yana cikin abin da ya kai shi ga samun lambar Nobel a 2001. Sunan kamfani ɗaya ne daga cikin magungunan wannan matsala, watau jingina ce da kamfani ya ajiye: in ya cuci mai saye, sunan da ya yi shekaru yana ginawa zai zube. Saboda haka kafintan da ya nace wa suna ba wauta yake yi ba, inshora yake saye.

To amma inshorar tana aiki ne muddin sunan yana nuni ga wani abu tsayayye. A zamanin da tsofaffin kafintocin yau suka koyi sana'a, haka abin yake. Record da Marples kayan birnin Shefil ne na Ingila, garin da ya yi fice a duniya wajen sarrafa ƙarfe, kuma shi kansa Stanley, wanda aka kafa a jihar Konetikat ta Amurka a 1843, yana da masana'anta a Shefil tun shekarun 1930. Wanda ya ga sunan ya san garin, ya san ƙarfen, ya kuma san abin da zai samu.

Yau sunayen sun zama haja da ake saye da sayarwa tamkar fili. A 1998 wani kamfanin Amurka ya sayi Record da Marples, daga bisani suka koma ƙarƙashin sunan Irwin. A 2010 Stanley ya haɗe da Black & Decker, wanda shi ma tun 1960 ya mallaki DeWalt, sa'an nan a 2017 haɗaɗɗen kamfanin ya sayi Irwin da Lenox a kan dalar Amurka miliyan 1,950. Ke nan kafintoci biyu da ke musu a bakin shago, ɗaya yana yabon Stanley ɗaya yana yabon Record, kuɗinsu aljihu ɗaya yake shiga. Milwaukee da AEG sun koma hannun kamfanin Techtronic na Hongkong a 2005. A 2016 Bosch ya ba da sanarwar sayar da Skil ga kamfanin Chervon na ƙasar Sin. Sashen kayan aiki na Hitachi kuwa, wani kamfanin zuba jari na Amurka mai suna KKR ya saye shi a 2017, a shekara ta gaba aka sauya masa suna zuwa HiKOKI. Sauyin mai mallaka ba ya nufin kaya sun lalace, wani lokaci ma gyaruwa sukan yi. Abin da yake nufi shi ne, sunan da uba ya sani da sunan da ɗa yake gani a kwali suna iya zama abu biyu daban.

Su kansu kamfanonin sun daɗe da gane ƙarfin suna a zuciyar mai sana'a, suna kuma amfani da shi. A farkon shekarun 1990 Black & Decker ya lura cewa ƙwararrun ma'aikata a Amurka suna guje wa kayansa, saboda sun ɗauki sunan a matsayin na kayan gida da na kicin. A 1992 sai ya fito da kayan ƙwararru a ƙarƙashin sunan DeWalt, cikin launin rawaya, kasuwa kuwa ta buɗe. Bugu da ƙari, suna ɗaya yakan ƙunshi daraja fiye da ɗaya. Bosch yana da kore na masu ɗan gyare-gyaren gida, yana da shuɗi na masu aikin yini guda. Makita ma yana da rukuni mai rangwamen farashi wanda aka sani da Maktec, daga baya MT. Kafintan da ya ɗauki na gida ya sa shi aikin safe zuwa magariba, in ya ƙone ba kamfanin ne ya yaudare shi ba, shi ne ya karanta suna bai karanta lamba ba. Haka nan ƙasar da aka rubuta a jikin inji ta daina zama hujja, domin Makita yana da masana'antu a Sin da Romaniya da Tailan, Bosch kuma yana da su a Sin da Malesiya da Hungari.

Babbar illar kuwa ita ce ta jabu. Masu kwaikwayon kaya ba sa ɓata lokacinsu a kan sunan da ba a sani ba, sunan da jama'a suka amince da shi suke bi, domin a nan ne ribar take. Saboda haka gwargwadon yadda kafinta ya rufe ido a kan suna ɗaya, gwargwadon yadda ya zama abin farautarsu. Launi da tambari da kwali su ne mafi sauƙin kwaikwayo a jikin inji, su ne kuma kaɗai abin da mai riƙo da suna yake dubawa. Wanda ya gudu daga jabu ya faɗa wa na gwanjo, shi ma yana da nasa tarkon. Injin da aka ƙera domin kasuwar Amurka wuta mai ƙarfin bolt 120 yake sha, alhali wutar Nijeriya bolt 230 ce. Komai kyawun sunansa, in aka jona shi kai tsaye ba tare da na'urar rage ƙarfin wuta ba, ƙonewa zai yi.

A da, irin wannan kuskure ana iya shanye shi. Yanzu farashi ya hana. Kafin tsakiyar watan Yuni na 2023 dala ɗaya tana kan kimanin Naira 460 a farashin hukuma, amma cikin watan Fabrairu na 2024 sai da ta haura Naira 1,500. Kusan dukkan injunan kafinta daga waje ake shigo da su, saboda haka farashinsu ya bi dala. Daɗin daɗawa, a watan Oktoba na 2023 Babban Bankin Nijeriya ya janye hanin da ya sanya tun 2015 na ba da kuɗin musaya ga masu shigo da wasu kayayyaki, cikinsu har da kujeru da gadaje da ƙofofin katako. Ma'anar wannan ita ce kafintan gida yana sayen kayan aiki da tsada, yana kuma gogayya da kayan waje a gaban mai saye ɗaya. Ba shi da rarar da zai biya kuɗin suna kawai.

Lissafin da ya kamata ya maye gurbin tambayar suna ba mai wuya ba ne. A ɗauka, domin misali, akwai injin yanka katako na Naira 150,000 wanda zai yi shekara biyar, da wani na Naira 60,000 wanda zai yi shekara ɗaya. Na farko yana cin Naira 30,000 a shekara, na biyu yana cin ninkin haka, ban da kwanakin da shago zai zauna babu aiki, da kwangilar da za ta kuɓuce saboda an saɓa alkawari. A nan araha ba ta ado. Amma a juya misalin: in aikin da ake buƙatar injin dominsa sau biyu ko uku yake zuwa a wata, mai arahar yana iya kai shekara huɗu, shi kuma mai tsadar ya zama jari kwance. A ƙasar da ruwan da Babban Banki ya tsayar ya kai kashi 27.5 cikin ɗari a watan Nuwamba na 2024, Naira 90,000 da aka daskarar a cikin inji ba ƙaramin abu ba ne ga yaron da aka yaye bara. Wannan ne ya buɗe wa kamfanonin Sin irin su Ingco da Total ƙofa a kasuwannin ƙasar nan, kuma raina su don sabuntarsu kuskure ne daidai da amincewa da tsoho don tsufansa. Ƙa'idar ita ce a kashe kuɗi mai yawa a kan abin da hannu ke riƙewa kullum, a yi tsimi a kan abin da ake ɗauka jefi-jefi, ko da hakan zai sa shago ya cika da launuka daban-daban.

Akwai fage ɗaya da riƙo da kamfani ya zama tilas, shi ne na injuna masu batir. Saboda ƙarancin wutar lantarki da tsadar man janareta, musamman bayan janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, masu aikin rufi da na kafa ƙofofi a gine-gine suna ƙara karkata gare su. Sai dai batirin Makita ba ya shiga injin DeWalt, na DeWalt ba ya shiga na Bosch, alhali batir da caja su ne kaso mai tsoka na kuɗin. Wanda ya sayi injin farko ya ɗaura aure da kamfanin, domin na biyu da na uku dole su zo daga gida ɗaya in yana son batiran su yi masa amfani. Masana suna kiran wannan kuɗin sauya sheƙa, kuma kamfanoni da gangan suke gina shi. An fara samun sassauci, tun da Metabo ya jagoranci wani ƙawancen batir ɗaya tsakanin kamfanoni a 2018, Bosch ma ya kafa nasa daga baya, amma manyan sunayen ba su haɗu a kan batir ɗaya ba. Saboda haka sayen injin batir na farko shawara ce ta shekaru, wadda ta cancanci a zauna a duba ko ana samun batirin asali a garin, da nawa ake sayar da shi.

Masu kare tsohuwar al'ada za su ce kafinta ba shi da lokacin wannan bincike, kuma da tsohuwar zuma ake magani. Akwai gaskiya a maganarsu, domin sabo da kaya yana ƙara saurin hannu, kuma injin babban kamfani yakan yi daraja in an tashi sayar da shi. Amma amanar da suke magana a kai tana da inda ya fi dacewa a ajiye ta. Inji yana rayuwa ne da kayan gyara da mai gyara. In burushin kabon ya cinye, ko kwayil ya ƙone, ko makunni ya mutu, tambayar ita ce ko akwai madadinsu a kasuwar garin, da kuma ko akwai mai gyaran da ya san cikin injin. Sanannen inji da sai an aika Legas ko Anacha an jira mako uku kafin a sami abin gyaransa, ga kafintan Lafiya ko Jalingo bai kai wanda ake gyarawa a bayan kasuwa cikin yini ɗaya ba. Haka nan dillalin da ke ba da rasit mai ɗauke da lambar inji, ya yarda a jona a gwada a gabansa, ya kuma karɓi kaya in sun sami matsala cikin wa'adi, ya fi tambarin da ke jikin kwali amfani, domin shi ana iya komawa a same shi.

Wannan darasi ne ga 'yan kasuwa masu shigo da kayan. Amanar da kafintoci suka daɗe suna bai wa sunayen ƙetare tana neman mazauni, kuma dillalin da ya ajiye kayan gyara, ya ɗauki mai gyara a shagonsa, ya faɗi gaskiyar darajar kowane inji, shi ne zai gaje ta. Ribar da ke cikin sayar da jabu sau ɗaya ba ta kai ta abokin ciniki na shekara goma da yaransa da zai yaye ba. Manyan kamfanonin da ke son a ci gaba da biyan kuɗin sunansu kuwa, wajibi ne su bayyana dillalansu na gaskiya, su kuma kai wuraren gyara garuruwan da ke nesa da Legas da Abuja.

Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, watau SON, tana da tsarin SONCAP tun 2005 domin tantance kayan da ake shigowa da su tun daga ƙasar da suka fito. Ya kamata ta ba kayan aikin masu sana'a muhimmancin da take bai wa wayar lantarki da tayoyin mota, domin faifan zarto da ya tarwatse yana cikin gudu yana iya raba mutum da ido ko yatsu. Ƙungiyoyin kafintoci da na masu kujeru su ma suna da abin yi wanda ba ya buƙatar izinin kowa: su buɗe littafi, kowane ɗan ƙungiya ya rubuta injin da ya saya, da lambarsa, da wurin da ya saya, da ranar da ya fara lalacewa, da abin da gyara ya ci. Cikin shekara biyu irin wannan littafi zai nuna musu inji da dillalin da suka cancanci kuɗinsu, zai kuma ba su ƙarfin haɗa kuɗi su yi sari kai tsaye a farashi mai sauƙi.