Sojan Glover Da Mutanen Zango

Akwai wata magana da ake yawan jifan mutanen Zangon Kumasi da ita. Ana cewa, "Ku baƙi ne, bindigar Bature ce ta kawo ku." Wannan magana tana da ɗan ƙamshin gaskiya, shi ya sa take da haɗari. Bari mu warware ta.

A shekarar 1863 wani Baturen Ingila, Kyaftin Glover, ya kafa ƙaramar runduna a Ikko. Yawancin waɗanda ya ɗauka bayi ne masu jin Hausa da suka gudu daga hannun iyayengijinsu. A 1873 ya kawo su wannan ƙasa domin yaƙin Tonawa, ya ƙara ɗiban waɗansu a Akra. Suka iso Kumasi cikin Fabrairu 1874, bayan Janar Wolseley ya riga ya ƙone garin. A 1879 aka kafa wa Gwal Kos rundunarta daga irin waɗannan mutane, a 1901 kuwa aka mai da ita cikakkiyar rundunar soja. Da su aka zo kama Sarki Prempeh a 1896. Su ne kuma suka tsare ganuwar Kumasi a 1900, sa'ad da mayaƙan Yaa Asantewaa suka kewaye Gwamna Hodgson da 'yan mishan na Basel, har da Ramseyer. Da yawa cikin sojan nan yunwa ta kashe su a wurin.

Duk wannan gaskiya ne, ba mu ɓoye ba. Amma, 'yan'uwa, a lura da abu uku.

Na fari, Turawa sun ce sojan sa kai ne. Wane irin sa kai? Mutumin da aka raba da garinsu tun yana yaro, aka sayar da shi kamar akuya, ya ga cewa in ya sa kaki ba mai sāke kama shi, ashe zaɓi ya yi? Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. Wanda ya tsara yaƙin yana Landan, shi ya kamata a fara tuhuma.

Na biyu, sunan "Hausa" da aka sa wa rundunar ya rufe kabilu da yawa. Akwai Gurunsawa, da Mosawa, da Dagwambawa, da Barebari. Hausa harshen bariki ce. Alhaji Grunshi, wanda ake cewa shi ya fara harba bindiga a ɓangaren Ingila a yaƙin 1914, a ƙasar Togo, sunansa kaɗai ya isa shaida. Da yawansu 'yan arewacin Ghana ta yau ne. Baƙin wa ke nan?

Na uku, tun kafin a haifi Glover fataken goro suna bin hanyar Gwanja da Salaga. Bowdich a 1817 da Dupuis a 1820 sun tarar da malamai da 'yan kasuwa Musulmi zaune a Kumasi, Sarki Osei Bonsu yana girmama su. Goro ya buɗe wannan hanya tun kafin harsashi.

Me ya sa muke ta da wannan zance? Domin mun ga inda kalmar "baƙo" take kaiwa. A Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su bar ƙasa. Mutanen da aka binne cibiyarsu a Zango suka sayar da gidaje a wulakance, suka nufi ƙasashen da ba su taɓa gani ba. A 1983 Nijeriya ta yi wa 'yan Ghana irin haka. Ramuwar gayya ba ta gyara kome ba.

Mu ma 'yan Zango muna da namu laifi. Masu bugun ƙirji suna cewa kakanninsu ne suka ci Tonawa, su daina. Ba abin fahariya ba ne a ƙone garin maƙwabci domin albashin Bature.

Tsohuwar ganuwar nan tana tsaye har yau, ta zama gidan tarihin soja. Ku kai 'ya'yanku su gani, ku faɗa musu labarin dukansa, da mai daɗi da mai ɗaci. Yaron da ya san asalinsa, ba mai tsorata shi da kalmar "baƙo".