ZAUREN 'YAN MATA: A Ji Ɗumi Ba Tare Da Kuka Ba

Yaya sanyi? Na san dai kowacce ta lalubo rigar sanyinta daga ƙasan akwati, domin kuwa hunturu ya kankama, ga hazo ga iska, leɓe da diddige sai tsagewa suke yi. To yau ba zancen kwalliya ko soyayya za mu yi ba, zancen hitar ɗumama ɗaki ce, wadda yanzu har a kayan ɗakin amare ake sakawa.

Abin da ya sa na ɗauko maganar kuwa, wata ɗiyar yayata ce da aka kai ta Zariya bara, cikin tsakiyar sanyi. Wata safiya ta wanke hijabinta, ta shanya shi a kan hita don ya yi saurin bushewa, sai aka ɗauke wuta. Ta ce a ranta ai shi ke nan, ta ja ƙofa ta shiga maƙwabta gaisuwa, ba ta kashe soket ba. Tana can ana hira aka dawo da wuta. Kafin yara su hango hayaƙi, hijabi ya kama, ya lashi labule, labule ya zubo kan katifa. Maƙwabta sun yi ƙoƙari an kashe, ba a rasa rai ba, amma gado da katifa da akwati biyu na lefe sun tafi. Kayan da mahaifinta ya shekara uku yana tarawa! Da na je jaje ta faɗa jikina tana kuka, tana cewa, "Wallahi Anti minti goma kawai na yi." Na ce, "Ki yi haƙuri 'yata, wuta ba ta san minti goma ba."

To ke da kike shirin saye, tsaya ki ji.

Hitar da aka fi samu a kasuwa iri uku ce. Akwai mai sanduna da ke yin jawur kamar garwashi. Ita ce mafi araha, tana ɗuma wanda ke gabanta nan take, amma ita ce mafi haɗari ga tufafi da hannun yaro. Akwai mai fanka, mai huro iska mai zafi, tana saurin ɗuma ƙaramin ɗaki, sai dai ƙara da busar da maƙogwaro. Sai kuma wadda aka ɗura wa mai aka liƙe tun daga kamfani, mai ƙafafun taya. Tana jinkirin ɗaukar zafi kuma ta fi tsada, amma ba ta da jan ƙarfe a fili. In akwai ƙananan yara a gidan, ita nake ba ki shawara, duk da ita ma jikinta na zafi.

Kada ki biye wa kyan launi ko daɗin bakin mai shago. Juya bayanta ki karanta. Wutar ƙasar nan bolt 230 ce, saboda haka ki tabbata an rubuta 220 zuwa 240. Kayan gwanjo da aka yi don Amurka na 110 zuwa 120 ne, kina jonawa za ta ƙone. Ki duba ƙarfinta kuma: mai wat 1000 ta ishi ƙaramin ɗaki, kuma yunit ɗaya take sha a awa guda. Mai wat 2000 kuwa, in ta yi awa 5 a kunne ta cinye yunit 10, sai a wayi gari Baba yana faɗan wa ya shanye mita. Sannan ki ce a gwada miki a shagon: a kunna, a ɗan karkata ta. Mai kyau tana mutuwa da kanta da zarar ta faɗi, kuma tana da abin murɗawa da ke tsayar da ita in zafi ya kai. Fuloginta ya zama mai ƙafa uku mai fis a ciki. Wadda ba ta da waɗannan, bar musu abarsu, araha ba ta ado.

In kin kawo ta gida, ga dokokina, ki haddace su kamar karatun jarrabawa:

1. A soket ɗin bango kai tsaye za ki jona ta, ita kaɗai. Banda ekstenshin ɗin nan da ake cajin waya da shi. Mai wat 2000 tana jan kusan amfiya 9, siririyar waya ba za ta iya ba, narkewa za ta yi. In kin taɓa fulogi kin ji zafi, ko kin ji ƙaurin roba, kashe ki kira mai gyaran wuta.

2. Ki ajiye ta a ƙasa, kan daɓe mai lebur, ki bar tazarar mita ɗaya tsakaninta da gado, labule, gidan sauro da kujera.

3. Hita ba igiyar shanya ba ce. Ko safa ce kada ki ɗora. In kuma kina sanye da doguwar riga ko mayafi mai santsi, kada ki tsaya dab da ita, irin wannan yadi narkewa yake yi ya manne a fata. Turaren fesawa da fiya-fiya da kalanzir su ma a nisanta su.

4. Banda banɗaki, banda jiƙaƙƙen hannu.

5. Ki ɗuma ɗaki kafin barci, sannan ki kashe, ki ja bargo. Haka in za ki fita, ko da tsakar gida ne, muddin akwai yaro a ɗakin.

6. Da zarar an ɗauke wuta, ki kashe ki zare fulogi. Wannan ita ce dokar da ta ci ɗiyar yayata.

Ku kuma 'yan makarantar kwana, na san halinku. Kada a ɓoye hita a ƙasan gado don gudun idon malamai, ɗaki ɗaya ne da rayuka masu yawa.

Wata za ta ce, "Anti, mu da ba mu da hita ai kaskon gawayi ya ishe mu." To ke ma saurara. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska mai guba, ba ta da launi ba ta da wari. Tana farawa da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, mai barci kuwa sai dai a tarar da shi. Ki ji ɗuminki a inda iska ke shiga, ki fitar da kasko kafin ki kwanta. Janareto ma haka, waje can nesa da taga. Ƙaramin nan kuma ba ya ɗaukar hita.

In tsautsayi ya gifta, kada ki watsa ruwa alhali akwai wuta a waya. A kashe babban makunnin da ke kusa da mita, a fitar da yara, a yi kururuwa, a kira lambar gaggawa 112. Kada ki koma ɗauko sarƙa ko akwati, kaya ana sake saye. Wanda ya ƙone, a cire masa zobe da awarwaro, a riƙa kwarara wa wurin ruwa mai sanyi na minti 20, sannan asibiti. Banda ƙanƙara, banda man goge baki, banda ɗanyen ƙwai ko manja.

Ɗiyar yayata dai ta sake ɗinka labule, dangi sun haɗa mata katifa, amma har yau in ta ji ƙaurin abu sai gabanta ya faɗi. Ita ce ma ta ce in ba ku labarin. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Ki karanta wa Umma da matar yayanki, kada ki riƙe ke kaɗai.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. A sha ruwa da yawa, a shafa man kaɗe, a gaida mutanen gida.

Taku har kullum,
Anti.