Su Barmani Choge Ba Abin Kunya Ba Ne



Duk sanda aka zo tsara ranar al'adu a ƙungiyarmu, sunan Ɗan Maraya Jos ne kan gaba, kuma ya cancanta, Allah Ya jiƙansa. Amma da iyayenmu mata sun ce a saka kiɗan amada a shirin, sai wasu su haɗe rai, wai waƙar banza ce. Ni dai ban yarda ba.

Ku dubi Hajiya Sa'adatu Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a watan Maris na 2013. Rukuninta na mata ne: ita ke ba da waƙa, sauran suna amshi suna dukan ƙwarya. Babu jita, babu fiyano, ƙwarya ce a kife, amma ta cika gidan biki tun daga Funtuwa har Jos. Kano ma ta yi Uwaliya Mai Amada. Matan da ba su shiga aji ba suka kafa rukuni, suka riƙe shi shekara da shekaru, suka ci da 'ya'yansu da shi. A Gini, gwamnatin Seku Ture ce da kanta ta kafa rukunin mawaƙa mata zalla daga cikin jandarmomi a 1961, ta riƙa alfahari da su. Mu namu ɓoye su muke yi.

Hujjar masu ƙi ita ce batsa. Gaskiya ne, akwai waƙoƙin Barmani da ba za a saka a gaban surukai ba. To amma asalin amada a cikin gida ake yin ta, mata da mata, ranar biki ko suna. A nan mace ke amayar da abin da ke cinta na kishiya da miji mai rowa. Kuma Barmanin nan ita ce ta yi ta kiran mata su kama sana'a su daina zaman jiran miji, tun kafin ƙungiyoyi su fara taron bita a otal. Mata nawa ke sayar da ƙosai da atamfa a Terminus da wannan huɗubar a kunnensu?

Abin haushin, masu hana amadar ne ke ɗauko DJ ranar auren 'ya'yansu, a toshe layi, a saki waƙar da ta fi ta Barmani muni sau goma, yara ƙanana na rawa. Wannan ba ta dame su ba.

Babbar kasuwar Terminus ta ƙone a 2002, masu kaset kuma sun watse tun da waya ta zo. Tsofaffin da suka iya dukan ƙwarya a unguwanninmu kullum raguwa suke. Zan kawo shawara a zama mai zuwa: a ba ɓangaren mata awa ɗaya, su gayyato tsofaffin nan, a naɗi muryarsu da izininsu, a biya su. Mai ja ya zo zaman ya faɗa a gaban matan.