WA YA KASHE FIJON KADUNA?

Jama'a, ku matso kusa. Duk wanda ya bi ta Kakuri a Kaduna ya san ma'aikatar Peugeot, wadda mu ke kira Fijo. A 1975 ta fara aiki, aka ce mana Nijeriya ta shiga sahun masu ƙera mota. To, yau ku tsaya bakin titi ku ƙirga motocin da ke wucewa. Nawa aka haɗa a ƙasar nan? Galibinsu kwancen Turai ne da Amurka, waɗanda masu su suka gaji da su, aka jibgo mana ta Kwatano da Ikko.

Masu mulki za su ce laifin Naira ne da aka karya a 1986. Mun ji. Amma faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Ku dubi 504. A 1968 ta fito, a 1983 Faransa ta daina ƙera ta. Mu kuwa muka ci gaba da haɗa ta a Kaduna fiye da shekara 20 bayan nan! Ba mu ce muguwar mota ce ba. Direbobin tasha sun san ƙarfinta a kan gargada, kowane makanike na bakin hanya ya san cikinta kamar yunwar cikinsa. Amma me zai sa a sake wani abu? Gwamnati ce mai babban hannun jari, gwamnati ce babbar mai saye, gwamnati ce kuma mai tsare ƙofa da kuɗin fito don kada wata mota ta yi mata kishiya. Wanda aka ba kasuwa a kyauta, ina ruwansa da dabara?

Ƙirar ma wace iri? Da jirgin sama ake kwaso sassa daga Liyon a sauke a Kano, 'ya'yanmu su ɗaura noti. Ma'aikatar ƙarfe ta Ajaokuta da aka soma a 1979, wadda za ta ba mu ƙarfen jikin mota, har yau ba a gama ta ba. Steyr ta Bauci, Fiat ta Kano, Leyland ta Ibadan, Volkswagen ta Ikko, duk suka bi juna suka durƙushe. Manya dai ba su rasa abin hawa ba. Leburori ne aka sallama.

Wannan cuta ba a kanmu farau ba. Henry Ford na Amurka ya fito da Model T a 1908, ya sayar da miliyan 15, ya kafe a kan cewa ba ta bukatar gyara. General Motors ta riƙa fito da sabon samfuri da launi iri iri tana janye masu saye. A 1927 tilas ya rufe ma'aikatarsa wata da watanni ya sake injuna. Shi kasuwa ce ta ja masa kunne, ya ji. Namu shugabannin, wa ke ja musu?

Yanzu ga duniya ta sake juyawa. Kamfanin BYD na ƙasar Sin ya daina ƙera mota mai fetur zalla tun 2022. Habasha, 'yar'uwarmu a Afirka, ta hana shigo da ƙananan motoci masu shan mai a 2024. Mu kuwa a ran 29 ga Mayu, 2023 aka janye tallafin fetur da baki ɗaya, aka bar talaka da tsohon inji mai zuƙar mai da kuɗin mota ninki biyu, ninki uku.

Da ka ambaci motar lantarki sai 'yan amshin shata su kwashe da dariya, wai wutar ma ina ta ke? Madalla da wannan tambaya! A hannun wa wutar ta ke shekara da shekaru? Ranar da ke ƙona mu a Sakkwato da Barno ba ta ƙare ba. Litiyam ɗin da ake yin batir da shi, a Nasarawa ake haƙo shi.

Saboda haka mun umarci wakilanmu a Majalisa su nemi abu biyu. A rage kuɗin fito a kan batir da farantin hasken rana na 'yan Keke Napep da ƙananan bas. Kuma duk kamfanin da aka yafe wa haraji da sunan haɗa mota, ya kawo lissafi a gaban jama'a kowace shekara: sassa nawa aka ƙera a Nijeriya, kuma a wane gari.