GADA TA MAI MOTA CE, INA RABON TALAKA?



Zaɓe ya ƙarato, 'yan takara sun sake fitowa da tsohuwar waƙarsu: mun yi gada, za mu ƙara gada. To mu dai tambayarmu guda ce. Gadar Ƙofar Nassarawa da ta Dangi da ta Hotoro, minti nawa suka rage wa ɗan dako da ke tsaye a rana yana jiran abin hawa zuwa Kantin Kwari? Gada tana ɗauke mai mota daga wannan cunkoso ta sauke shi a na gaba. Wanda ba shi da ko keke kuwa, kallo ne rabonsa.

KU TUNA BAYA

A watan Janairu na 2013 aka hana acaɓa a Kano. Ba a kawo wani abin kirki a madadinsa ba, sai aka bar gari sukutum a wuyan A Daidaita Sahu. Da 'yan adaidaita suka yi yajin aiki a 2021 da 2022, ai kowa ya ɗanɗana. Ma'aikaci da ɗan makaranta da mai ciki duk suka koma sayyada.

A 2016 aka yi bikin sa hannu da kamfanin ƙasar Sin a kan jirgin ƙasa na cikin gari, na dala biliyan 1.85. Jama'a, wa ya taɓa hawansa? A ƙarshen 2022 aka kawo bas-bas na Kanawa, aka ce adaidaita su bar wasu manyan tituna, cikin 'yan kwanaki aka janye maganar. Dalili, ba a fafe gora ranar tafiya. Ga shi tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, kuɗin mota ke cinye cefanen gida.

MENE NE MAGANI?

Sayen bas ba shi ne aiki ba. Bas da ta shiga gosulo ɗaya take da kurar ruwa. Aikin shi ne a yanke wa bas hanyarta ita kaɗai a kan titi, a kange da kankare, ba mai shiga, ko da mai jiniya ne. A gina tashoshi masu inuwa, fasinja ya sayi tikiti tun kafin motar ta iso, ba ciniki da kwandasta, ba tsayawa ko'ina ana lodi. Bas guda ta ɗauki abin da adaidaita goma sha biyar ba za su ɗauka ba.

Kada wani ya ce muku mafarki ne. Birnin Kuritiba na ƙasar Barazil ya fara tun 1974. Bogota ta bi a shekarar 2000. Ikko, nan gida Nijeriya, ta buɗe nata a watan Maris na 2008, kilomita 22 daga Mile 12 zuwa CMS. Darussalam ta Tanzaniya ta yi a 2016, Dakar ta Senegal a 2024, ita har da bas masu lantarki. Shin Kano tumbin giwa ce za a bari a baya?

BA ZA A RUSHE BIRNI BA

'Yan adawa na yawo suna cewa wai za mu rusa gidajen mutane. Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Mun san lungunan Kurmi da Jakara da Yakasai ba a yi su don babbar mota ba, kuma ba mai taɓa su. Manyan tituna suna nan a gefen badala. Titin Jami'ar Bayero ya taso ta Ɗan'agundi, ya bi Na'isa, Gadon Ƙaya, Famfo, Dukawuya har Kabuga. Ta gabas ga Ƙofar Mata da Wambai da Mazugal. Kowace ƙofa ta zama tasha, kamar yadda ta kasance mashigar fatake tun zamanin kakanni.

Kai kuma ɗan adaidaita, ɗan'uwa, kwantar da hankalinka. Bas ta sauke mutane a bakin ƙofa, kai ka shiga da su cikin gari. Gajeriyar tafiya, mai kaɗan, fasinja a jibge.

ALKAWARIN JAM'IYYARMU

Na ɗaya, layi guda za mu fara, mu gama shi, sannan mu taɓa na biyu.

Na biyu, kuɗin kowace kwangila za a karanta shi a rediyo, kowa ya ji.

Na uku, za a kafa hukumar sufuri bisa doka, da garejinta da bakanikanta da kuɗin kayan gyara a kasafi, don kada motoci su zama ɗakin kaji bayan shekara biyu.

Na huɗu, mata su sami wurin zamansu, 'yan makaranta su sami rangwame.

Duk ɗan takarar da ya zo ƙofar gidanka, kada ka tambaye shi bas nawa zai saya. Tambaye shi: a wane titi za ka ƙwace layi daga masu motoci ka ba talaka? In ya fara kame-kame, ka san inda ya dosa.

Ranar zaɓe a fito da sassafe, a dangwala, a tsaya a kasa a tsare. Titin Kano na Kanawa ne duka. Nasara tana ga Allah!