Mai Kaɗi Ta Koyi Rini

'Yan'uwa mata, tun kaka da kakanni aikin auduga a hannunmu yake. Mu ke gurza, mu ke shiɓa, mu ke murza mazari har zare ya fito. Amma da zarar an zo wajen launi, sai a kwashi zaren a kai wa maza a marina, mu koma muna jira. A ganinmu lokaci ya yi da matar aure da 'yar makaranta za su koyi rina zarensu a cikin gida.

Rini ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Marinar Ƙofar Mata ta Kano, wadda ake cewa an kafa ta tun 1498, har yau tana nan. Lokacin da Bature matafiyi Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar ana kai tufafin da aka rina a nan har Tambutu. Gaskiya ne karofi aikin maza ne, domin rami ne mai zurfi. Amma ku dubi matan Abeokuta: a manyan tukwane suke rina adire, kuma da shi suka riƙe gidajensu. Ashe kuwa tukunya ta isa.

Kayan aikin ma ba su da nisa. Karan dafi yana ba da ja. Rawaya da gangamau da ɓawon albasa suna ba da ruwan ɗorawa, sai dai na gangamau ba ya jure rana. Bagaruwa in ta haɗu da ruwan da aka jiƙa tsofaffin ƙusoshi masu tsatsa, sai ta ba da ruwan toka har zuwa baƙi. Baba kuwa shi ne uban shuɗi, kuma aikinsa dabam ne: zare yakan fito daga ruwansa kore-kore, sai ya sha iska sannan ya koma shuɗi.

To, ga inda yawancin masu koyo ke faɗuwa. Auduga tana da wani maiƙo na halitta wanda ke hana launi shiga. Saboda haka a fara naɗe zaren a bayan kujera ya zama zobe, a ɗaure shi sako-sako wuri huɗu don kada ya cukurkuɗe, a tafasa shi da sabulu da 'yar kanwa kamar awa ɗaya. Bayan an ɗauraye, a jiƙa shi cikin ruwan bagaruwa ya kwana, sannan a sa shi a ruwan alif, watau alif giram 15 ga zare giram 100. Waɗannan biyu su ke riƙe launi a jikin auduga. Sai bayan haka za a sa shi a ruwan rini, ana juyawa a kan wuta kaɗan-kaɗan, a ɗauraye, a shanya a inuwa. Wadda ta tsallake wannan hanya, wanki ɗaya zai tona mata asiri. Gaggawa ba ta haifar da ɗa mai ido.

Akwai kuma gargaɗi, kuma ba da wasa muke yin sa ba. Tun da aka fara sayar da shunin kanti a Jamus a 1897, rinin zamani ya bazu ko'ina, kuma yawancinsa da soda mai ƙuna ake haɗa shi. Sodar nan tana cin fata, tana makantarwa, in kuwa aka narka ta sai ta yi kama da ruwan sha. Yaron da ya kurɓe ta, maƙogwaronsa na iya ƙonewa har haɗiya ta gagare shi. Duk wadda za ta taɓa ta, lalle ta sa safar hannu ta roba, ta yi aikin a tsakar gida inda iska ke kaɗawa, kada ta zuba ta a kwalbar lemo, ta kulle saura inda yara ba su kaiwa. In ta taɓa jiki ko ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa, a garzaya asibiti. Tukunyar rini kuwa, ko ta bagaruwa ce, kada ta sake komawa madafa. Shawararmu ga sabuwar shiga ita ce ta fara da na itatuwa.

Muna kira ga malaman koyar da aikin gida a makarantun 'yan mata su sa wannan cikin darasi, tare da gargaɗinsa. Muna roƙon masu gida su ba da ɗan jari da kusurwa ɗaya a tsakar gida. Mai ɗinkin hula da mai saƙa ba sa rabuwa da neman zare mai launi, kuma wanda bai zuba shi suke komawa saye. Ke kuma 'yar makaranta, in kakarki tana da rai, zauna kusa da ita a wannan hutu ki tambaye ta yadda suke yi. Sana'a sa'a, in ji Hausawa, amma sai an koya.

Allah ya sa albarka a hannuwanmu, amin.