SHARHI: A-Kori-Kura Mai Lantarki: Kafin Ɗan Kasuwar Orozo Ya Zuba Jarinsa

ABUJA — Duk wanda ya tsaya da sanyin safiya a bakin titin da ya taso daga Nyanya, ya ratsa Jikwoyi da Kurudu, ya bi ta Orozo zuwa Karshi, zai gane cewa a-kori-kura ce ke ɗauke da kasuwancin wannan yanki. Ita ke kai bulo da siminti wuraren gini, ita ke rarraba ruwan leda, ita ke kwaso doya da masara daga ƙauyuka, ita ke shigar da ƙwai cikin birni. Tun da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin shayar da wannan mota ya zama abin da ya fi cinye ribar masu ita. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 kafin wannan rana ta haura Naira 1,000 a Abuja cikin Oktoban 2024.

Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan mai gidan bulo ko mai gonar kaji ya fara sha'awar motar da ba ta shan mai, musamman da yake a shekarar 2024 Gwamnatin Tarayya ta cire harajin VAT daga motoci masu amfani da lantarki. Hanyar da akasarin motocin ƙasar nan ke shigowa kuwa sananniya ce, wato tokumbo, kuma da yawa daga cikinsu daga wuraren gwanjon Amurka ake sayo su. A-kori-kura masu lantarki na sahun farko sun riga sun shiga kasuwar na-hannu a can, farashinsu kuma ya faɗi ƙwarai.

A nan ne ya kamata ɗan kasuwa ya yi taka-tsantsan. Motocin sahun farko sun zo da matsaloli sanannu, waɗanda a ƙasarsu ta asali kamfani ne ya ɗauki nauyin gyaransu. Da zarar mota ta sauka a tashar jiragen ruwan Ikko, wannan nauyi ya koma kan mai saye shi kaɗai. Muddin ba a tanadi bakanike da kayan gyara da tsayayyiyar wuta ba, abin da aka tsimi a gidan mai zai zurare a gareji.

Tarihin waɗannan motoci ya girmi yadda mutane da yawa ke zato. A shekarar 1990 hukumar kula da tsabtar iska ta Jihar Kalifoniya ta tilasta wa manyan kamfanoni su fara sayar da motocin da ba sa fitar da hayaƙi. Wannan doka ce ta haifar da Chevrolet S-10 mai lantarki a 1997 da 1998, wadda ba a ƙera ko 500 ba, da kuma Ford Ranger mai lantarki, wadda aka ƙera kimanin 1,500 tsakanin 1998 da 2002. Babbar lalurarsu ita ce batir. Na farko-farko na dalma ne, irin na motar gida amma jere guda da dama, nauyinsu ya kai ɗaruruwan kilo, tafiyarsu kuwa ba ta kai kilomita 100 a caji ɗaya. Idan batir ɗaya a cikin jerin ya yi rauni, sai ya ja sauran ƙasa. Da aka koma wa batir na nikel sai nisan tafiya ya ƙaru, amma zafi ya zama abokin gabarsa. Da dokar Kalifoniya ta sassauta, kamfanonin suka daina ƙera su, aka karɓe da yawa daga waɗanda aka ba haya aka murƙushe, waɗanda suka rage a hannun jama'a kuma suka koma neman kayan gyara kamar neman ruwa a rani.

Sahu na biyu, wanda shi ne ya shafi kasuwar tokumbo, ya fara ne a 2021 da batir na litiyam. An samu ci gaba mai yawa, amma an kuma ga kurakurai irin na sabon hannu. A Oktoban 2022 kamfanin Rivian ya yi kiran mayar da motoci sama da 12,000, kusan duk abin da ya sayar zuwa lokacin, saboda wani noti a ƙafar gaba da ba a ɗaure shi sosai ba, wanda kwancewarsa kan iya raba direba da ikon sitiyari. A wannan watan dai General Motors ya kira wasu ɗaruruwan motoci, ciki har da Hummer mai lantarki, saboda ruwa na iya shiga akwatin batir. A Fabrairun 2023 wata Ford F-150 Lightning ta kama wuta a filin ajiyar kamfanin, abin da ya sa aka dakatar da ƙera ta na wasu makonni. Kamfanin Lordstown ya kira 'yan motocin da ya sayar a farkon 2023, sannan ya shelanta karyewa a watan Yuni na shekarar, ya bar masu motocinsa da tambayar inda za su dosa.

Tesla ma ba ta tsira ba. Motarta Cybertruck, wadda aka fara miƙa wa masu saye a ƙarshen Nuwamban 2023, an kira guda 3,878 a Afrilun 2024 saboda murfin totur kan zame ya maƙale, mota ta ci gaba da gudu. A cikin wannan shekara an sake kiranta kan injin abin share gilashi, da kuma na'urar da ke juya wutar batir zuwa wadda ke murza ƙafafu. A Maris na 2025 aka kira sama da 46,000 domin wani ƙarfen ado a gefen gilashin gaba kan ɓalle ana cikin tafiya.

Abin lura a wannan jerin shi ne, yawancin lalurorin ba a injin lantarkin suke ba. Suna noti ne, da roba mai hana ruwa shiga, da gam, da wayoyi, da manhajar kwamfuta. Akwai kuma ƙaramin batir mai bolt 12, irin na kowace mota, wanda idan ya mutu motar ba za ta tashi ba ko da babban batirin a cike yake. Waɗannan ƙananan abubuwa ne ga wanda ke da dila a garinsu: a aiko masa takarda, ya kai mota, a gyara kyauta. Wannan tsari na kiran mayarwa yana aiki ne inda kamfani ke da wakili. Takardar ba za ta iso Orozo ba, kuma garantin shekara 8 da aka saba bayarwa kan batir a Amurka galibi ba ya bin motar da aka fitar ta hannun 'yan gwanjo, balle wadda kamfanin inshora ya riga ya yanke mata hukuncin lalacewa bayan haɗari ko ambaliya.

Yanayin Orozo kuwa zai gwada motar a daidai wuraren da take da rauni. Na farko, nauyi. Batirin Hummer shi kaɗai ya kai kimanin kilo 1,300, wato nauyin ƙaramar motar gida, motar kuma ta haura tan 4. Sauran ma sun fi takwarorinsu masu fetur nauyi da ɗaruruwan kilo. Wannan nauyi taya da shokozoba da sauran kayan ƙafa ne ke ɗaukarsa, a kan hanyoyin cikin unguwa da damina ke zaizayewa, ga kuma ɗabi'ar yin lodi fiye da ƙima. Na biyu, ruwa. Batir a ƙarƙashin mota yake, inda dutse ke duka, inda kwata ke cika. Na uku, zafi. A watannin Maris da Afrilu zafin Abuja kan haura digiri 35, zafi kuma yana gaggauta tsufan batir, yana ƙara wa na'urar sanyaya shi aiki. Na huɗu, kaya. Gwaje-gwajen da aka yi a Amurka sun nuna cewa jan tirela mai nauyi kan rage nisan tafiya da kimanin rabi.

Sai maganar lissafi, wadda ita ce ke raba gardama. A matsayin misali, a ɗauki farashin ƙarshen 2024. Babbar a-kori-kura mai lantarki kan ci kimanin yunit 30 na wuta a kilomita 100. A farashin rukunin A, wanda ya zarce Naira 200 kaɗan kan kowane yunit, kuɗin ya kama Naira dubu shida da 'yan kai. Mai fetur da ke shan lita 12 a wannan nisa za ta ci sama da Naira 12,000. Rarar ta kusan rabi, kuma ta gaskiya ce. Amma ba kowane layi ne ke samun wutar awa 20 da aka alkawarta wa rukunin A ba, babban layin wutar ƙasa kuma ya faɗi sau da dama a shekarar 2024. Idan aka koma wa janareto, wanda kan ba da kimanin yunit 3 a kowace lita ta gas, yunit 30 ɗin nan zai ci lita 10, rarar ta tafi ke nan. Bugu da ƙari, ƙaramin batirin F-150 Lightning yana ɗaukar yunit 98. A soket na gida cika shi daga ƙasa zai ɗauki fiye da awa 30 ba tare da an ɗauke wuta ba. Bakin cajin motocin Amurka kuma ya bambanta da na Turai da na Sin.

Asarar da ta fi wannan ita ce ta kwanakin zama. Tsohuwar Hilux idan ta lalace, kafin la'asar an samo kayanta a Apo, akwai kuma yaran gareji da suka san cikinta kamar yunwar cikinsu. Mota mai lantarki da ke jiran wata na'ura daga ƙetare tana iya yin makonni a ajiye, alhali albashin direba da bashin banki ba sa jira, masu sayen bulo kuma sun koma wurin maƙwabci. Akwai haɗarin rai ma: wutar da ke cikin wayoyin nan masu launin ruwan lemo ta kai bolt 400 zuwa 800, ba aikin da mai riwaya zai shiga da ka ba ne. Araha dai ba ta ado.

Adalci ne a faɗi ɗaya gefen. Motar lantarki ba ta buƙatar canjin baƙin mai, ba ta da fulogi, ba kuloci, ba salansa, birkinta kuma ya fi daɗewa domin injin ne ke rage gudu yana mayar da wuta cikin batir. Zirga-zirgar yini tsakanin Karshi da Orozo da Nyanya gajera ce, wadda caji ɗaya zai iya ɗauka. Kamfanin da ke da motoci da yawa a kan hanya ɗaya, da rumfar faifan sola a harabarsa, yana da dalilin gwadawa. Ƙasar nan ma ta ɗan taɓa: an nuna Hyundai Kona mai lantarki da aka harhaɗa a Ikko a 2020, sannan hukumar NADDC, a zamanin Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya zana motar Chevrolet Volt, ta buɗe wurin caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 2021. Sai dai manyan kamfanonin da kansu suna sake lale. A Disamban 2025 Ford ya ba da sanarwar daina ƙera F-150 Lightning mai batir zalla, a daidai lokacin da Toyota da Isuzu suka fito da Hilux da D-Max masu lantarki a 2025. Darasin Ranger da S-10 ya nuna abin da kan sami kayan gyaran motar da aka daina ƙerawa.

Saboda haka akwai abin da ya rataya a wuyan kowane ɓangare. Mai saye ya duba lambar mota mai haruffa da alƙaluma 17 a shafin hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka, NHTSA, inda ake ganin kiran da ba a yi gyaransa ba, kyauta. Ya nemi rubutaccen sakamakon gwajin lafiyar batir, ya guje wa duk motar da ta taɓa nutsewa komai kyan fentinta, ya kuma san sunan wanda zai gyara masa da inda kayan za su fito kafin ya biya ko sisi. Sabuwar mota daga dilan da ke da gareji a Abuja, ko da ta fi tsada, ta fi gwanjon da ba shi da uba.

Ita kuwa gwamnati, cire haraji kaɗai bai wadatar ba. Ya dace Hukumar Kwastan da Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, SON, su wajabta takardar shaidar lafiyar batir ga kowace motar lantarki ta hannu, su hana shigo da waɗanda ambaliya ta ci. Ya dace NADDC da Asusun Horar da Ma'aikata, ITF, su kai horo har cikin garejin Apo da na Nyanya, a kuma koya wa 'yan kwana-kwana yadda ake kashe gobarar batir, wadda ke cin ruwa mai yawa kuma kan sake tashi bayan an ɗauka ta mutu. Bankunan da za su ba da rance su sa yarjejeniyar gyara cikin sharuɗɗansu.

Nijeriya ta yi alkawari a taron Glasgo na 2021 cewa za ta kai ga daidaita hayaƙin da take fitarwa nan da 2060, kuma motar lantarki tana cikin wannan tafiya. Amma alkawarin ƙasa ba zai biya wa mai gidan bulo bashinsa ba. Waɗanda suka sayi motocin sahun farko a Amurka sun sha wahalar gwaji ne da kamfani a bayansu. Ɗan kasuwar Orozo, wanda jarinsa ke nan guda, ya fara tabbatar da bakanike da wuta da kayan gyara, sannan ya tambayi farashi.